Kumburin da Ya Ƙi Lafawa: Daga Tsohon Ciwon Hanji Zuwa Sankara

A manyan kasuwannin da ke ci tsakanin Tasawa da Mayahi ba a rasa mai maganin basir. Ya baza kwalabe a kan tabarma ko a bayan mota, ga ƙullin sassaƙe da garin saiwa, lasifika kuma tana ta jero alamomi: jini a bayan gida, murɗar ciki, ciwon baya, kasala, rama. Jama'a na saye domin abin da ake jerowa yana damunsu da gaske, kuma ciwo ne da ya zauna a wurin da ake jin nauyin nuna wa likita. Gaskiya ne mafi yawan masu ganin jini a bayan gida basir ɗin ne ke damunsu, ko 'yar tsagewa a dubura, ko atunin da zai wuce cikin kwanaki. Sai dai a cikin taron akwai 'yan ƙalilan da babban hanjinsu ya yi shekaru ɗauke da miki, yau ya lafa gobe ya tashi, kuma su ne binciken shekaru ashirin da suka wuce ya fi shafa. Abin da binciken ya gano shi ne, saƙonnin da garkuwar jiki ke aikawa domin a gyara hanji, idan aka daɗe ana aika su babu tsayawa, su ne ke komawa renon sankara. Saboda haka a ganina tambayar da ta fi kowace nauyi ga mai zubar jini ta dubura, a Maijirgi yake ko a Kanambakashe, ita ce tun yaushe abin ya fara.

Kumburin da nake nufi daban yake da cikar ciki da iska bayan an ci wake. Shi ne abin da kowa ya sani a gefen miki: wuri ya yi ja, ya ɗau zafi, ya tasa, yana zogi. Idan haka ta faru a cikin hanji ido ba ya gani, sai dai a ga sakamakon a masai. Babban hanji tsawonsa kamar mita ɗaya da rabi ne, kuma abin da ya raba naman jikin mutum da ƙazantar da ke wucewa a ciki shimfiɗa ce ta ƙwayoyin halitta, waɗanda masana ke kira sel, layi ɗaya tak, kaurinta bai kai na silin gashi ba. A samanta akwai majina mai yauƙi, a saman majinar kuma bakteriya tiriliyoyi, mafi yawansu masu amfani muddin sun tsaya a gefensu. A ƙarƙashinta kuwa sojojin jiki ne jibge, domin babu inda garkuwar jiki ta tara mayaƙa kamar bangon hanji. Idan aka sa shimfiɗar a madubin likita sai a ga ba sumul take ba, cike take da 'yan ramuka miliyoyi jere da juna, a gindin kowane rami kuma akwai iyayen ƙwayoyin sel da ba su da aiki sai rabuwa gida biyu. 'Ya'yansu na hawowa sama a hankali, su yi aikin tsotse ruwa da gishiri, su mutu, su bi bayan gida, duka cikin kamar mako guda. Kowace rabuwa sai an kwafe kundin gadon da ke cikin ƙwayar, wato DNA, daga farko har ƙarshe, kuma wurin da ake yawan kwafi haka ba ya rasa kuskure ko da lafiya lau ake.

Ranar da wata cuta ta huda shimfiɗar nan, a ce amiba ko bakteriyar atuni daga ruwan rijiya ko na tafki, ƙwayoyin sel masu gadi da ake kira makrofaj ne ke fara shaida baƙo. Ba su da murya, da sinadari suke magana. Suna fitar da wasu ƙananan furotin da ake kira saitokin, fitattu daga ciki su ne TNF da IL-1 da IL-6, saƙon kuma ya bi hanya biyu. Ɗaya ya nufi jini: jijiyoyi su saki, fararen ƙwayoyin jini su kwararo, su fesa wa baƙon guba mai ƙuna, har da irin ruwan nan da ake zuba wa miki a asibiti ya yi kumfa. Ɗayan ya nufi ƙwayoyin shimfiɗar kansu. A cikin kowace ƙwaya akwai makunnai da ke jiran irin wannan kira, manyansu NF-kB, wanda Ranjan Sen da David Baltimore suka gano a Amurka a 1986, da kuma STAT3. Da zarar saƙo ya iso sai su shige inda kundin gado yake su buɗe umarni guda: kada ki mutu, ki yi ta rabuwa, a toshe ɓarakar. Wannan rahama ce babba, domin ba don ita ba atunin mako guda ya isa ya ɓula hanjin yaro. Kuma jiki yana da nasa saƙon sallama, kamar IL-10, mai cewa faɗa ya ƙare kowa ya koma. A 1993 masu bincike a birnin Kolon na Jamus suka samar da ɓerayen da ba sa iya yin IL-10, sai ga su da kumburin hanji mara yankewa ba tare da an sa musu wata cuta ba.

A cikin mutane ma akwai waɗanda saƙon sallamar ba ya cin nasara a hanjinsu. Likitan Landan Samuel Wilks ya bayyana irin wannan ciwo a 1859, gyambon babban hanji da ke farawa daga dubura ya yi sama, mai shi yana fama da gudawa da jini da majina, ya ji sauƙi wata da watanni, ya sake kwantawa. A 1932 Burrill Crohn da abokan aikinsa a birnin New York suka bayyana ɗan'uwansa, wanda ke iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, kuma har yau da sunan Crohn ake kiransa. Tun 1925 shi Crohn ɗin ya ba da labarin sankarar dubura a jikin mai gyambon babban hanji. A 2001 Jayne Eaden da abokanta a Lesta ta Ingila suka tattara bincike 116, suka fitar da alƙaluman da suka zagaya duniya: cikin masu wannan ciwo, kashi 2 cikin 100 kan kamu da sankarar hanji bayan shekara 10, kashi 8 bayan shekara 20, kashi 18 bayan shekara 30. Binciken baya-bayan nan ya samu adadin da bai kai haka ba, zan kuma dawo kan dalili. Abin da bai sauya ba shi ne fasalin lissafin. Shekarun farko kusan babu komai, daga nan haɗarin ya riƙa hauhawa da tsawon zama. Wanda ciwon ya game masa hanji duka ya fi wanda ya tsaya masa a dubura shiga haɗari, kuma a 2004 likitocin asibitin St Mark's na Landan suka nuna cewa gwargwadon tsananin kumburin da ake gani a madubi, gwargwadon yiwuwar sankara.

Zargin cewa kumburi na da hannu a sankara tsoho ne. Rudolf Virchow na Jamus ya ga fararen ƙwayoyin jini cunkushe a cikin ƙari tun 1863, ya kuma ce daga wuraren da suka daɗe da kumburi sankara ke tasowa. Amma ganin mutum a wurin da aka yi ɓarna bai isa a ce shi ya yi ba, wataƙila ma ceto ya zo. Hujjar da ta warware wannan ta fito ne a 2004 daga ɗakin binciken Michael Karin a San Diego, a aikin da Florian Greten ya jagoranta. Sun ba ɓeraye wani sinadari mai lalata DNA, sannan suka riƙa ba su wani a ruwan sha mai tayar da kumburin hanji, a tsaya a sake, har ƙari ya fito musu. Daga nan suka ɗauki wasu ɓerayen suka cire musu abin da ke kunna NF-kB, amma a ƙwayoyin shimfiɗar hanji kawai. Kumburin bai ragu ba, sai dai yawan ƙarin ya faɗi da kusan kashi 80 cikin 100, saboda ƙwayoyin da suka lalace sun daina samun umarnin kada su mutu, sai suka mutu tun ba su zama komai ba. Da aka cire makunnin a ƙwayoyin garkuwa maimakon na shimfiɗa, ƙarin ya ragu kuma wanda ya fito bai girma sosai ba, saboda an rage masa saitokin ɗin da yake ci. A 2008 masu bincike a Kanazawa ta Japan suka samu raguwar ƙari da suka toshe TNF. A 2009 rukuni biyu, kowanne da nasa gwaji, suka nuna IL-6 da STAT3 na yin wannan aiki na raya ƙwayar da ta kamata ta mutu da kuma ingiza ta ga rabuwa.

Idan aka haɗa waɗannan sai a ga ɓarnar hannu biyu gare ta. Gubar da sojojin jiki ke fesawa ba ta tantance baƙo da ɗan gida, tana ƙona DNA ɗin ƙwayoyin shimfiɗa kamar yadda take ƙona bakteriya. A ƙa'ida ƙwayar da kundinta ya lalace takan kashe kanta, kuma akwai mai tsaro na musamman, p53, da ke tabbatar da hakan. Amma a daidai lokacin da ɓarnar ke aukuwa, saƙon kumburi na hana mutuwa yana kuma gaggauta rabuwa. Kamar mai yaɓen katanga ne a tsakiyar damina, yana yaɓawa ruwa na zubarwa, ana ta ce masa yi sauri, babu mai tsayawa ya duba ko yaɓen ya miƙe. Shekara ɗaya ta haka ba ta cika yin komai ba. Shekara goma sha biyar kuwa ta isa a samu ƙwayar da p53 ɗinta ya lalace, ta fi maƙwabtanta jure wa wahalar wurin, zuriyarta ta mamaye ramuka da dama. Shi ya sa sankarar da ta biyo bayan kumburi take da nata hali. A sankarar hanji ta gama-gari, kamar yadda Eric Fearon da Bert Vogelstein suka tsara a 1990, ƙwayar gado mai suna APC ce kan fara lalacewa, wani ɗan tsiro ya fito a bangon hanji ya yi shekaru yana girma, p53 kuma sai daga baya. A hanjin mai kumburi p53 kan riga lalacewa, sauyin yakan zo a shimfiɗe ba tsiron da za a hanga da sauƙi, yakan fito a wuri fiye da ɗaya, kuma yakan sami mutum da sauran ƙuruciyarsa.

Bakteriyar hanji ma ba 'yan kallo ba ne. Ɓerayen nan marasa IL-10, idan aka rene su a inda babu ƙwayar cuta ko ɗaya, hanjinsu lafiya yake zama. A 2009 rukunin Cynthia Sears a Baltimore ya nuna wani nau'in bakteriya mai guba, daga dangin Bacteroides fragilis, yana kunna STAT3 ya jawo ƙari a hanjin ɓera. A 2012 rukunin Christian Jobin ya gano cewa kumburi na sauya mazauna hanji, ya ba wasu nau'o'in E. coli damar yawaita, cikinsu akwai masu fitar da guba mai suna kolibaktin da ke kakkarya DNA. A 2020 masana a Utrecht ta Holan suka gano takamaiman tabon da wannan guba ke bari a kundin gado, suka kuma same shi a sankarar hanjin mutane, sannan a 2025 wani bincike kan samfurin ƙari kusan 1,000 daga ƙasashe 11 ya samu tabon ya fi yawa ga waɗanda cutar ta kama kafin shekara 40. Wato kumburi na huda shinge, bakteriya su matso, matsowarsu ta ƙara hura kumburin, abin ya riƙa ciyar da kansa.

Mai hankali zai ce ai ɓera ba mutum ba ne, kuma ɓeran da aka ɗura wa guba a keji bai yi kama da manomin da ke Korgom ba. Haka ne, kuma ba don gwajin ɓera kaɗai nake riƙe da wannan magana ba. A Denmak an bi sawun masu ciwon kumburin hanji sama da 47,000 daga 1979 zuwa 2008, aka ga haɗarin sankara ga masu gyambon babban hanji yana ta sauka daga goman shekaru zuwa goman shekaru. Ana ganin ba ciwon ne ya sake hali ba, kulawa ce ta sake: maganin da ke kwantar da kumburi, leƙa hanji a kai a kai, da cire sashen da ya fara sauyawa tun da wuri. Wannan na cikin dalilan da suka sa alƙaluman yau ba su kai na Eaden ba, kuma labari ne mai daɗi. Akwai kuma shaidar asfirin, wanda ke toshe wani reshe na saƙon kumburi. A gwajin da John Burn na Newcastle ya jagoranta, aka wallafa a 2011, masu larurar gado ta Lynch, mai yawan jawo sankarar hanji, da suka sha shi shekara biyu ko fiye sun samu raguwar sankarar hanji sosai. Na kawo wannan ne a matsayin hujja kawai, kada wani ya nufi mai tebur, domin asfirin da danginsa irin su ibuprofen da diklofenak suna jawo zubar jini a ciki kuma suna iya tayar da gyambon hanji. Dole kuma a faɗi cewa cikin sankarar babban hanji ta duniya, wadda a 2022 ta kama mutum kusan miliyan 1.9 ta kashe kimanin 900,000, wadda ta biyo bayan ciwon kumburi ba ta wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Darajar wannan ɗan kaso ita ce a cikinsa aka ga hanyar a fili, daga baya aka tarar da makunnan nan a kunne a cikin sauran ma.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma na fi jin sa a bakin masu ilimi: wannan ciwon Turawa ne, mu masu cin gero ba ruwanmu. Akwai gaskiya mai yawa a ciki. Denis Burkitt, likitan tiyatar da ya daɗe yana aiki a Uganda, ya rubuta a 1971 cewa sankarar hanji ba ta da yawa a karkarar Afirka saboda abincin mutanen cike yake da dusa da harza. A 2015 Stephen O'Keefe ya gwada abin: baƙaƙen fata 20 na Pittsburgh a Amurka da mutanen karkara 20 na Afirka ta Kudu suka yi musayar abinci na mako biyu. Cikin wannan ɗan lokaci alamun kumburi da saurin rabuwar ƙwayoyin sel suka sauka a hanjin Amurkawan, suka hau a na mutanen karkarar. Sirrin shi ne bakteriyar hanji na narka harzar abinci su samar da wani sinadari mai suna butiret, wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin shimfiɗar, kuma yana rage wa NF-kB kaifi. Don haka fura da tuwon gero da wake da kwaɗon zogale da miyar kuka, abincin da wasu ke ganin na rashi ne, kariya ce ta gaske ga hanjin mutanen Gulbin Kaba. Ko kilishin da Tasawa ta yi suna da shi bai kamata a tsorata kowa da shi ba: da hukumar binciken sankara ta duniya ta sa sarrafaffen nama cikin masu jawo sankarar hanji a 2015, lissafinta na mai cin giram 50 ne kowace rana ta Allah, ba mai ɗanɗanawa ranar kasuwa ba.

Amma ƙarancin cuta a takarda yana da uwa fiye da ɗaya. Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, sankarar hanji kuwa ta fi kama wanda ya haura 50. Rajistar sankara ta Nijar, wadda aka kafa a Yamai a 1992, tana ƙirga waɗanda suka isa asibiti aka gano ciwonsu ne. Dattijon da ya rame a Gidan Amumun, aka yi ta ba shi jiƙon basir har Allah ya karɓi abinsa, ba ya cikin kowane lissafi. Gundumomin Tasawa da Mayahi kowace ta haura mutum rabin miliyan tun ƙidayar 2012, kuma a taro mai yawan haka ko ciwon da ba kasafai ake ganinsa ba yana da masu shi. Ga shi abincin ma yana sauyawa, shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba suna ture gero a birane da manyan garuruwa, kuma wani babban nazari da aka wallafa a 2017 ya nuna ciwon kumburin hanji na ƙaruwa a ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka da Afirka da suka kama hanyar rayuwar birni. Daga maƙwabta kuma akwai abin lura. Binciken da Olusegun Alatise na asibitin koyarwa na Ile-Ife da abokan aikinsa suka wallafa a 2021 ya samu marasa lafiyar Najeriya sun fi na Amurka ƙuruciya, ciwon ya fi zama musu a dubura, lalacewar APC kuma ba ta kai yawan ta Amurkawa ba. Wannan bai zama hujjar cewa kumburi ne ya haifar musu da ciwon ba, amma ya isa ya hana mu ɗauka cewa littattafan Turai sun gama bayanin hanjinmu.

Wani kuma zai tambaya, cikin fargaba: to mu da atuni da gudawa ba sa rabuwa da mu, musamman da damina, duk muna kan hanyar sankara ke nan? A'a. Atunin da ya zo ya wuce, ko sau nawa ya zo a rayuwar mutum, kumburi ne da aka kunna aka kashe, hanji ya samu sararin gyara kansa a natse, kuma ba ya cikin abubuwan da aka lissafa suna jawo sankara. Gudawar yara abar tsoro ce don tana ƙarar da ruwan jiki tana kawo tamowa, wannan shi ne haɗarinta. Sai dai dokar nan ta daɗewar kumburi ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, a wasu gaɓoɓin muka fi saninta. Tsargiyar da yara ke ɗauka wajen wanka a tafki tana zuba ƙwai a bangon mafitsara, garkuwar jiki ta yi shekaru tana kewaye ƙwan da ba ta iya narkarwa. Tun 1911 wani likita a Alƙahira, Ferguson, ya danganta ta da sankarar mafitsara, a 1994 kuma hukumar binciken sankara ta duniya ta tabbatar da ita cikin masu jawo sankara, tare da bakteriyar gyambon ciki, Helicobacter pylori. Ciwon hanta nau'in B, wanda Nijar ta sa rigakafinsa cikin allurar jarirai a 2008, ta hanyar kumburin shekaru yake kai mutum ga sankarar hanta, wadda ke sahun gaba a tsakanin mazan ƙasar. Rabon maganin firazikwantel a makarantu, da aka fara a 2004, a zahiri yaƙi ne da tsutsa, a baɗini kuma rigakafin sankara ne. Tsargiyar hanji ta fi zama a bakin kogin Kwara, a tafkunan jihar Maraɗi ta fitsari ce ta fi yawa, amma a Sin an daɗe ana danganta wani nau'inta da sankarar babban hanji.

Inda abin ya fi damuna shi ne yawan atuni na ba gyambon babban hanji mafaka. Alamunsu ɗaya ne: jini, majina, murɗa, yawan zagayawa. Mai gyambon ya je cibiyar lafiya a ba shi Flagyl, ciwon da dama halinsa ne ya lafa ya tashi sai ya lafa, a ce magani ya yi. Bayan wata huɗu ya dawo, a sake ba shi Flagyl, ko ma ya saya da kansa a tebur. A haka shekarun da Eaden ta ƙirga suke taruwa ba wanda ya ƙirga. Kuskuren ta ɗaya gefen ma yana kisa. Idan aka ɗauki amiba a matsayin gyambo aka ba da magungunan danne garkuwa irin su firednisolon, amibar na iya ɓula hanji. Tarin fuka na hanji yana kama da cutar Crohn har ya rikita ƙwararru, kuma magungunan zamani masu toshe TNF, irin infliximab da aka fara amfani da shi a 1998, an gano tun 2001 suna farkar da tarin fukan da ke kwance a jiki. A ƙasar da tarin fuka ke yawo, saƙon da ke renon sankara shi ne kuma ke tsare mutum daga wata cutar, saboda haka ba a taɓa shi sai an san ainihin abin da ake magani.

Saura ƙorafin da ya fi kowanne ɗaci: mene ne amfanin wannan sani ga wanda babu na'urar leƙa hanji a kusa da shi, daga Tasawa zuwa Maraɗi kilomita wajen 120, daga Maraɗi zuwa Yamai fiye da 600, ga kuɗin mota da na jinya? Ban raina wannan ba ko kaɗan. Amma daidai saboda na'urar ta yi ƙaranci ne ya wajaba a san wa za a tura mata. Rukunin Ile-Ife sun duba mutum 362 masu shekara 45 zuwa sama da ke zubar da jini ta dubura, suka samu kusan ɗaya cikin biyar sankara gare shi, mafi yawa a matakin da tiyata ke iya warkarwa, kuma alamu biyu ne suka fi nuna su: rama, da sauyin yadda mutum ya saba bayan gida. Gwajin neman ɓoyayyen jini a kashi, wanda Turai ke tantance jama'a da shi, da suka gwada shi a kan masu lafiya sai ya nuna jini ga kusan ɗaya cikin biyar, alhali ƙalilan ne cikinsu ke da sankara, don haka ba shi ne mafitarmu ta farko ba. Mafitar tana bakin majo, wato jami'in jinya na cibiyar lafiya, da hannunsa. Ya tambayi tsawon lokaci, da rama, da ko an taɓa irin ciwon a dangi. Ya sa a duba kashi a madubi a nemi amiba da ƙwan tsutsa. Ya sa safar hannu ya duba dubura da yatsa, domin yatsa na kaiwa santimita 7 ko 8, kuma da yawa daga ƙarin da ake gani a Afirka ta Yamma a nan ƙasa yake. Kunya ce babbar katanga a nan, ga maza da mata duka, kuma ana rage ta da labule, da bayani cikin mutunci, da barin mace ta duba mace inda hali ya yi. Maigidan da matarsa ta gaya masa tana ganin jini wata da watanni, izininsa da kuɗin motarsa suna cikin maganin.

Wanda aka yi wa maganin atuni sau biyu jinin bai tsaya ba, ko ya haura shekara 40 yana zubar jini yana ramewa, ya wuce aikin ƙaramar cibiyar lafiya ta CSI, asibitin gunduma na Tasawa ko na Mayahi ya kamata ya gan shi, daga can kuma Maraɗi, inda ake da babban asibitin jiha da asibitin ƙwararru. Idan sankara ce, wadda aka tara da wuri wuƙar likita na cire ta, kuma tun 2021 cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai tana gashi da haske, wanda ƙarin dubura ke yawan buƙata. Idan kuma gyambon babban hanji ne, ba lallai sai magani mai tsadar gaske ba. Sulfasalazin, wanda likita Nanna Svartz ta Suwidin ta samar tun wajen 1940, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kwantar da kumburin ga da yawa, da sharaɗin a ci gaba da shan sa ko bayan an ji sauƙi, domin hanji kan ci gaba da kumburi a ɓoye bayan jini ya tsaya. Ƙa'idar likitoci ita ce a fara leƙa hanjin irin wannan mara lafiya don neman sauyin farko bayan shekara 8 da soma ciwon, a kuma riƙa maimaitawa. Ana ƙirga shekarun ne daga lokacin da alamu suka fara, ba daga ranar da aka gano sunan cutar ba, shi ya sa ya kamata majo ya rubuta a karnen mara lafiya watan da shekarar da ya fara ganin jini, ko da sai an lalubo su ta hanyar tuna wace damina ce ko wace salla.